Hannun da Ya Riƙe Matakala

Ranar Litinin da safe ina kicin ina haɗa wa mijina Dakta shayi, Salimatu ta fito daga ɗakin baƙi riƙe da gwangwanin biskit. Ta ajiye shi a kan teburi, ta cire murfin, ta juyo min da cikinsa. Babu komai sai tsumman da ta naɗe abin da shi.

"Hajiya, ba ya nan," ta ce.

Abin da ya ɓata wata 'yar na'ura ce da ba ta kai tafin hannuna ba, irin wadda ma'aikatan haƙar mai ke maƙalawa a ƙirji. Aikinta shinshinar gas. Idan ta ji shi sai ta yi ƙara, kuma ta rubuta lokacin a cikinta, da yawan gas ɗin, da ɓangaren da mutum yake tsaye. Ta mijin Salimatu ce, Baharudeen, mai walda ɗan Kumasi, wanda gobara ta kashe wata goma sha huɗu da suka wuce a wani dandamalin haƙar mai cikin teku, can kudancin ƙasar nan.

Dandamalin nan shi ne tushen duk takaicin. Gida biyu ne na ƙarfe a kan ruwa, gada ta haɗa su. Iyakar ruwan jiha da ruwan tarayya ta bi ta ƙarƙashin gadar, har an shafa jan fenti a wurin. Gefe ɗaya hukumar jiha ke dubawa, ɗaya gefen hukumar tarayya. Da Baharudeen ya rasu, tarayya ta ce ai a gefen jiha aka tsinci gawa, jiha ta ce ai gas ɗin daga rijiyar tarayya ya fito. Kamfanin kuwa ya rubuta cewa mutumin ya bar wurin aikinsa, ya cire na'urarsa, ya tsallaka ɗaya gefen ya kunna sigari. Mutumin da ko goro ba ya ci. Wannan maganar ta je har kunnen mahaifiyarsa a Kumasi, kuma unguwa ta ɗauka.

Allah da ikonsa, da aka kawo wa Salimatu kayan mijinta, sai ga na'urar cuse cikin takalminsa, gefenta ya narke. In da gaske ya cire ta ya ajiye, yaya za a yi ta narke? Bayan wahala mai yawa hukumomin biyu suka yarda su zauna tare a Washington ranar Alhamis, lauyarta Olive za ta miƙa na'urar a gabansu. Shi ya sa Salimatu ta sauka a gidana a Mitchellville, kusa da Washington. Ranar Lahadi muka tara mutane aka yi addu'a, kusan mutum talatin. Washegari gwangwani fanko.

A gidana. Ni Sadiyya, da na yi shekara ashirin ina saukar baƙi ko cokali bai taɓa ɓata ba.

*

Na kira 'yan sandan yankinmu. Wanda ya zo ya saurare ni da ladabi, ya ce tunda abin hujja ce a binciken tarayya, gara mu kira can. Olive ta kira can. Suka ce tunda ba a riga an karɓe ta an sa mata lamba ba, a wurinsu ba hujja ba ce tukuna, satar cikin gida ce, ta 'yan sandan yanki. Na sake kiran na farko, ya ba ni wata lamba, ya ce za a tuntuɓe ni cikin sati biyu.

Salimatu tana zaune tana jin duk wannan. Ta ce, "Haka suka yi da mutum ɗungurungum, Hajiya. Balle ɗan roba."

Kafin azahar jama'a sun riga sun yanke hukunci a waya. Kowa ya ce Elvis ne. Elvis ɗan Ghana ne, Kirista, ma'aikacin kamfanin a ofishinsu na nan, kuma shi ya samo wa Baharudeen aikin tun farko. Ya zo addu'ar ba tare da an gayyace shi ba. Wallahi ni ma na yarda, har na fara tsara abin da zan gaya masa.

Dakta ne ya ce, "Sadiyya, kafin ki ci mutuncin ɗan mutane, kira Malam Dabo."

Malam Dabo mutumin Tanut ne a Nijar. Mahaifinsa mai bin sawun raƙuman sata ne, shi ma ya gada, daga baya ya yi shekara goma yana gadi a filayen mai na cikin hamada. Yanzu yana zaune a Lanham, yana tuƙa motar kai tsofaffi asibiti. Shekarar da wata tsohuwa mai ciwon mantuwa ta fita daga gida ta shige daji, shi ya nemo ta, 'yan sanda na can suna jiran kare. Illarsa ɗaya, ba ya sauri. Gaisuwa kaɗai muka kwashe minti biyar muna yi.

"Malam, Elvis ne," na ce da muka gama. "Kawai ka tabbatar mana."

"Bon," ya ce, wato "to" a Faransancin mutanen Nijar. "Ina ƙofar baya?"

*

Watan Afrilu ne, lokacin da bishiyoyin garin nan ke zubar da ƙurar fure mai ruwan ɗorawa, ta rufe motoci da baranda da komai, mu kuma mu yi ta atishawa. Barandarmu ta baya ta katako ce. Akwai famfo a jikin bango inda maza ke alwala idan an taru, da silifas ƙafa biyu na kowa da kowa a bakin ƙofa. Daga barandar matakala huɗu ce zuwa ciyawa, sai ƙaramar ƙofa ta gefe da ke fita wajen ajiye motoci. Ɗakin baƙi yana daf da kicin, taku uku daga ƙofar bayan.

Malam Dabo ya hana ni fita. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya daɗe yana kallo.

"Kusa da famfo an tattake, ba abin karantawa," ya ce. "Amma mutum biyu sun sauka matakala jiya da yamma. Ƙurar da ta sauka a kan sawun ta kwana ɗaya ce."

"To duba takalman mana."

"Silifas ɗinki ne, Hajiya. Duka biyun."

Na ji kamar in yi kuka. Mutum talatin, silifas iri ɗaya, ni na sayo su da hannuna a shago ɗaya. Na ce masa to ai shi ke nan, mun tashi a banza.

Bai kula ni ba. Ya lallaɓa ta gefe ya je wurin katakon da ake riƙewa idan za a sauka, ya kwantar da kansa yana hangensa daga sama zuwa ƙasa. A gefen dama akwai shatin tafi manya guda huɗu, kowanne daidai da mataki ɗaya. A gefen hagu kuwa ƙurar tana nan a saman katakon, sai wani siririn layi da ya tafi daga sama har ƙasa bai yanke ba, gefen katakon na waje kuma an share shi fes.

"Na dama ya dafa ne, ya ɗora nauyinsa," ya ce. "Ya tsaya a ciyawa, ya dawo. Na hagu ya je har ƙofar gefe, ya dawo, kuma da zai sauka jikinsa a ɗan karkace yake."

"Wane ne?"

"Ban sani ba tukuna."

"Malam, yau Litinin. Alhamis ake zama."

"Na iya ƙirga kwanaki, Hajiya," ya ce. Ya ciro wayarsa mai fasasshen gilashi ya ɗauki hoton katakon har sau shida. Da yamma aka yi ruwa, ya wanke komai.

*

Talata da safe na tilasta masa muka je Lanham wurin Elvis. Yana hawa na uku a wani dogon gini, kuma lif ya lalace. Muna tsaye a ƙasa sai ga shi yana saukowa da gudu, kwandon wanki a hannu ɗaya, waya a ɗayan, yana tsallake mataki biyu-biyu.

Da ya gan ni fuskarsa ta canza. Ya ce da Hausarsa ta zango, "Hajiya, na ji abin da mutane ke faɗi. Ni ban shiga gidanki ba ma. Na tsaya a waje don ban san yadda kuke yi ba, ko takalmi ban cire ba. Na gaishe ta a bakin ƙofa na tafi."

"Me ya kawo ka tun farko?" na ce.

"Ni na cika masa takardar aikin nan. Ni na ce masa aiki ne mai kyau." Ya ajiye kwandon a ƙasa. "Wata goma sha huɗu ban iya kallon matarsa ba."

Malam Dabo ya tambaye shi ko ya taɓa zuwa dandamalin. Elvis ya ce sau ɗaya aka so kai shi, ya ga jirgi mai saukar ungulu ya ce a'a.

A mota na ce, "Ƙarya yake. Ka ga yadda idonsa ke rawa?"

"Idonsa na rawa don ke kin tsare shi da naki," in ji Malam Dabo. "Ba shi ba ne."

"Don me?"

"Kin ga yadda ya sauko?"

Na gani mana, ya sauko kamar ɗan akuya. Me wannan ya haɗa da satar? Malam Dabo ya kunna rediyo ya bar ni da tambayata. Na rantse da ba don girmansa ba da na sauke shi a bakin titi.

*

Daga nan muka nufi Fort Washington, gidan Alhaji Hayatudeen, dattijon mutanen Ghana a nan. Shi ne tun farko ya ce wa Salimatu ta bar maganar nan, ta bar wa Allah, shari'a da gwamnati biyu ba aikin mace mai marayu ba ne. Da na tuna haka sai zuciyata ta koma kansa. Ga shi da ciwon gwiwa, ba ya sauka mataki sai ya dafa.

Ya karɓe mu da shayi. Ban ɓoye masa ba, na tambaye shi ko ya sauka bayan gidana ranar Lahadi.

Ya dubi ƙofar ɗakin matarsa, ya rage murya. "Na sauka. Likita ya hana ni goro, Hajiyata ta kafa min ido. Na je bayan bishiyarki na ci rabi." Ya zaro sauran rabin daga aljihu ya nuna mana kamar shaida a kotu.

Malam Dabo ya yi dariya har da tari. Ni ban ga abin dariya ba.

"Alhaji, da kana can ka ga wani ya wuce?" ya tambaya.

"Na ji ƙofar gefe ta yi ƙara. Ban leƙa ba, ina ɓoye kaina."

Shatin dama ya samu mai shi ke nan. Saura na hagu, saura kwana biyu, kuma ba mu da kowa.

*

Da muka dawo gida mun tarar da Injiniya Fatihu yana ƙoƙarin ajiye motarsa. Shi kullum da baya yake shiga, sai ya yi gaba ya yi baya ya daidaita hancin motar ya kalli titi, mu kuma muna jira a bayansa. Na danna masa ham.

Injiniya Fatihu malamin jami'a ne, Bakano, ya dawo yankinmu kusan shekara ɗaya da ta wuce. Tun da Salimatu ta iso shi ne ƙafarta. Shi ya ɗauko ta daga filin jirgi, shi yake karanta mata takardun hukuma yana fassara mata, shi ya biya kuɗin abincin ranar addu'a. Ranar ma lemo ya kawo mata da burodi.

"Malam, an samu wani abu?" ya tambayi Dabo bayan sun gaisa.

"Ana nema. Injiniya, kai da ka san harkar nan, yaya dandamalin yake? Ka taɓa hawa irinsa?"

Fatihu ya yi murmushi. "Ni? Ni mutumin aji ne, Malam. Ko kwalekwale ban taɓa shiga ba. A takarda na san su."

"Bon," in ji Malam Dabo.

Da Fatihu ya shiga ciki, Dabo ya tsaya yana kallon motar. Sannan ya ce min, "Gobe bayan la'asar ki tara min su a falonki na ƙasa. Elvis, da Alhaji, da Injiniya, da lauya. Ki ce za a shawarta abin da za a faɗa ranar Alhamis. Kuma ina son garin tuwo, cikin kofi ɗaya."

"Garin tuwo? Malam, tsafi za mu koma kuma?"

"Kofi ɗaya, Hajiya."

A daren nan Salimatu ba ta ci abinci ba. Ta ce min ɗanta na fari Hamdan ya daina zuwa masallacin unguwarsu a Kumasi, saboda yara na ce masa ɗan mai sigari. Ta ce ba ta damu da wace hukuma ce mai laifi ba, su biyun su raba yadda suka ga dama. Ita dai a ce mijinta yana bakin aikinsa.

*

Falonmu na ƙasa matakala goma sha biyu ne, da katakon riƙewa a gefen hagu. Malam Dabo ya barbaɗe shi da gari siriri, ya kashe fitila ɗaya don kada a lura, ya zauna a ƙasa da kofin shayinsa. Ni ya sa nake turo su ɗaya bayan ɗaya, ina cewa kowa ya jira a gama shimfiɗa.

Olive ta sauka rungume da jakarta, ba ta taɓa komai ba. Elvis ya sauka hannu a aljihu. Injiniya Fatihu ya biyo, ya ɗan karkata jikinsa, yana saukowa a natse. Alhaji Hayatudeen aka bari ƙarshe, Dakta ya riƙo shi ta ɗaya gefen.

Da kowa ya zauna, Malam Dabo ya kunna fitilar. Ya ce, "Ku gafarce ni, zan ba ku labari kaɗan. Lokacin da na fara gadi a filin mai, an kusa kora ta sau biyu. Ba don barci ba, ba don sata ba. Don na sauka matakala uku ban riƙe ƙarfe ba. Masu aikin mai ba sa wasa da wannan. Kuma ba dafawa ake yi ba. Hannu yana baya, ya kama ƙarfen ta ƙasa, jiki ya ɗan juya, don in ƙafa ta zame hannu ya riƙe mutum. Waɗanda suka zo mana daga teku sun fi kowa. Ko mataki biyu ne a gaban kanti, haka suke sauka, ba su ma san suna yi ba. Mota kuma da baya suke ajiye ta, don in wuta ta tashi a fita da gaba."

Ya miƙe, ya je bakin matakalar, ya ɗora wayarsa kusa da katakon. Garin yana nan a sama, sai siririn layin babban yatsa daga sama har ƙasa, gefen waje a share. Da hoton barandata da wannan, ba bambanci.

"Injiniya," ya ce, "duba hannunka na hagu."

Fatihu ya buɗe hannun. Yatsunsa fari fat.

Na ji jinina ya hau. "Kai? Kai da ka ce ko kwalekwale ba ka taɓa shiga ba? A gidana, Fatihu? Ka ci tuwona, ka yi alwala da silifas ɗina, ka shiga ɗakin baƙuwata?"

Dakta ya taɓa kafaɗata. Salimatu ba ta motsa ba, shi kawai take kallo.

Fatihu ya daɗe yana goge hannun a wandonsa, garin ya ƙi fita. Da ya yi magana da ƙyar ake jin sa.

"Shekara tara na yi ina duba dandamali wa hukumar tarayya. Wata huɗu kafin abin ya faru, ni aka tura can. Na ga mahaɗar bututu ta yi tsatsa a gindin gada, na ji warin gas. Na dubi jan layin, na ga kamar tana gefen jiha. Ba ni da ikon rufe abin da ba namu ba. Na dawo na rubuta musu wasiƙa."

"Suka ce me?" in ji Olive.

"Ba su amsa ba. Ni ma ban sake bi ba, na ɗauka na sauke nawa." Ya ci gaba, "Bayan gobarar na ɗauko zanen dandamalin na auna. An shafa fentin ba daidai ba. Mahaɗar tana gefenmu, da kamar taku biyu. Ina da ikon rufe wurin a ranar, da baki kawai. Na ajiye aiki na taho nan don kada in sake jin sunan wurin. Sai ga labarin zuwanta a masallacinmu."

Olive ta ce a rahoton da aka ba ta an shafe sunayen masu dubawa da baƙin tawada, shi ya sa ba ta taɓa sani ba.

"Ranar Asabar ta nuna min na'urar," ya ci gaba. "Na san abin da ke ciki. Za ta nuna yana tsaye a gindin gada, inda aka tura shi aiki, a gefenmu. Gudu ya yi ya tsallaka da wuta a jikinsa, shi ya sa aka same shi a can."

Sai a lokacin Salimatu ta yi magana. "Wato ka sani. Da kana karanta min takardar da suka ce ya sha sigari, kana fassara min kalma-kalma, ka sani."



"Ina na'urar take?" ta ce.

"Tana but ɗin mota. Na je bakin kogi sau biyu. Na kasa."

Elvis ne ya karɓi makullin ya hau ya ɗauko. Ya miƙa mata da hannu biyu. Ni kuwa na kasa haɗa ido da shi, don na san abin da na faɗa a kansa a waya. Salimatu ta duba gefen da ya narke, ta ƙulle na'urar a bakin mayafinta, ta yi ƙulli biyu.

Na ce a kira 'yan sanda, wannan karon su zaɓi wanda zai zo a tsakaninsu. Alhaji Hayatudeen ya fara cewa a rufa asiri, ɗan'uwa ne. Salimatu ta ɗaga hannu ta tsayar da mu.

"Injiniya, gobe ƙarfe tara za ka zo ka ɗauke ni, kamar yadda ka saba. Za ka zauna a gefena. In suka tambaya wurin na wane ne, kai za ka amsa."

*

Fatihu ya zo tara saura kwata. Ban yi zato ba, na faɗa wa Dakta ma cewa sai dai mu ji shi a Kano.

Ɗakin zaman ƙarami ne, a hawa na biyar. Mutanen jiha uku a dama, na tarayya uku a hagu, akawu a tsakiya tana bugawa. Awa ɗaya da rabi suka yi suna jayayya kan wanda zai shugabanci zaman. Da aka zo kan Olive ta ɗora na'urar a teburi, wani daga dama ya ce kafin a karɓa dole a san a ruwan wa abin ya faru. Wani daga hagu ya ce ai wannan shi ne abin da ba a tabbatar ba.

Fatihu ya miƙe. Ya faɗi sunansa da lambar aikinsa ta da. Ya ce, "Namu ne. Ni na duba wurin, ni na bar shi a buɗe. Mutumin nan yana bakin aikinsa, na'urarsa tana ƙirjinsa, kuma bai kunna komai ba."

Akawu ta ci gaba da bugawa. Daga nan suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus, suka ɗage zaman zuwa wata biyu, wai sai an duba wace hukuma ce ke da hurumin karɓar bayanin tsohon ma'aikaci. Na miƙe zan yi magana, Malam Dabo ya ce, "Hajiya, zauna, za su fitar da mu."

Har muka sauko ƙasa ina zazzaga masifa. Wata goma sha huɗu, ga na'ura, ga mutum ya amsa da bakinsa, su ce wata biyu. Salimatu ba ta taya ni ba. Ta tambayi Olive abu ɗaya, ko matar nan mai bugawa ta rubuta abin da Fatihu ya faɗa. Olive ta ce ta rubuta, ba mai iya gogewa, kuma za a ba mu kwafi.

Salimatu ta zauna a kan dakalin bakin ginin, ta ciro waya ta kira Kumasi. Ta gaida surukarta, ta tambayi jiki, ta tambayi yara, duk a natse. Sannan ta ce, "Mma, ki sa a kira min Hamdan." Muka jira, motoci na wucewa. Da yaron ya karɓa, ta riƙe wayar da hannu biyu.

"Gobe Juma'a," ta ce masa. "Ka sa farar rigar babanka ka tafi masallaci. Ka zauna a sahun gaba."